Kakar da Odell Purifoy Bai Gani Ba

A garinmu Dabney, in kana son tsofaffi biyu su daina gaisawa har mako ya zagayo, tambaye su wace kakar wasa ce ta fi kowacce a tarihin gasar ƙwallon Amurka ta Kwalejoji Takwas. A shagon askin Cleon Maddox ake zaman wannan shari'a, kuma ba a taɓa yanke hukunci ba. Wani zai kawo shekarar da Dilolin Kwalejin Pinckard suka yi kaka guda ba wanda ya tsallaka layinsu da ƙwallo, sai a tuna cewa uwarsa 'yar Pinckard ce, a yi masa uzuri. Wani zai kawo shekarar ambaliya, da aka buga wasan ƙarshe cikin taɓo har 'yan wasa suka daina gane nasu, kowa ya kama na kusa da shi ya kayar. Amma in baki ya gaji, wuri ɗaya ake komawa: tamanin da shida, shekarar da Alfadaran Kwalejin Okatoma, namu, suka shiga kaka ba wanda ya ɗauke su a bakin komai, suka fita ba wanda ya doke su.

Kowa ya ga wannan kakar. Na koyar da tarihi a sakandaren garin nan har na yi ritaya, kuma zan iya ba da shaida cewa waɗanda suka rantse suna cikin fili ranar wasan ƙarshe sun fi kujerun filin yawa nesa ba kusa ba. A cikinsu har da waɗanda aka haifa bayan shekarar. Mutum ɗaya ne tak a Dabney ya amsa cewa bai ga komai ba, maƙwabcina Odell Purifoy, kuma shi ne garin ya yi ittifaƙi ya ciwo mana kofin.

Odell ba ɗan nan ba ne. Daga bakin teku ya zo, ɗan masu kamun jatan lande, inda Asabar ranar aiki ce kamar sauran. Ya auri Earline Strickland a farkon shekarar, ya tare a gidan surukarsa Mis Ozella, ya buɗe rumfar gyaran injin kwalekwale da na yankan ciyawa a bayan gida. Dogo ne marar magana, irin mutanen da in ka taka su, su ne za su ba ka haƙuri. Ƙwallon kwaleji kuwa a bakin mutane kawai ya san ta.

Asabar ɗin farko ta kaka aka zaunar da shi a falo don ya zama mutum. A shekarar ne tashar jiha ta fara nuna wasannin Okatoma duka, kuma Mis Ozella tana da talabijin mai kala. Kashe masa murya take yi, don ta ce mai sharhin ta hanci yake magana, kuma ba ta buƙatar baƙo ya gaya mata abin da idonta ke gani. A falon akwai ita, akwai Earline, akwai yayan Earline, Hoyt mai sayar da taya. A kan tebur ga dafaffiyar gyaɗa a kwano, ga shayi mai ƙanƙara.

Alfadarai suka fara kamar yadda suka saba, wato ana tattaka su. Earline ta ce, "Odell, ƙanƙarar nan ta narke, ɗebo mana wata." Ya shiga kicin, ƙofa ta rufe bayansa. Bai gama buɗe firji ba falo ya kaure da ihu. Wani ɗan wasanmu ya rungumi ƙwallo ya ratsa ƙattai masu kwalkwali ya kai ta bayan layi. Odell ya dawo a guje da ƙanƙara a hannu, ya zauna, nan take aka rama. Can Mis Ozella ta aike shi ya ɗauko gishiri. Aka sake ci.

Hoyt ya dubi ƙofar kicin, ya dubi uwarsa.

"Mama, kin ga abin da na gani?"

"Na gani."

Odell ya turo ƙofa da kwalbar gishiri. Hoyt ya ɗaga masa hannu kamar ɗan sanda a mararraba.

"Tsaya nan, suruki. A'a, baya. Koma inda kake."

"Gishirin fa?"

"Riƙe abinka. Ina kake tsaye lokacin da muka yi ihu?"

"Gaban firji."

"Kana kallon ina?"

"Firjin."

"To Allah ya yi maka albarka, koma ka ci gaba da kallonsa."

Aka ci wasan. Asabar ta gaba ba a ma sa masa kujera ba.

A Dabney ba ma kiran irin wannan camfi, domin mu mutanen coci ne. Akwai mai gidan man da ba ya wanke rigarsa daga Satumba har Kirsimeti. Akwai malamar makarantar Lahadi da take kallon wasa daga bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje. Abin da muke cewa shi ne kowa yana yin iya nasa. Na Odell ya ɗan fi na sauran nauyi ne kawai. Ya tsaya gaban firji da gishiri a hannu duk kakar tamanin da shida, kuma ranar da aka lallasa Pinckard aka ɗauki kofi, Hoyt ya saɓa shi a kafaɗa ya zagaya tsakar gida da shi, yana gaya masa irin abin da ya rasa gani.

Daga shekarar da ta biyo baya Alfadarai suka koma halinsu, yau a ci, gobe a sha kashi. Wannan bai taɓa matsayin Odell ba. In an ci, shi ne. In an sha kashi, koci ne, ko kuwa Odell ya yi atishawa ya kau da kai, kuma da yake mutum ne mai gaskiya, in an matsa masa yakan tuna cewa lallai ya yi atishawa. Sau ɗaya Earline ta ji tausayinsa ta naɗi wasa a kaset ta kunna masa ranar Lahadi. Bai kai ga cin farko ba Hoyt ya shigo ya kama su. Asabar ɗin da ta biyo baya mai jefa ƙwallonmu ya karye a ƙafa, Hoyt ya kai kaset ɗin kogi ya jefa. Odell bai yi jayayya ba. Ya ce mini daga baya, wasan da aka riga aka gama kamar mutum ne a cikin akwatin gawa, kamanninsa ne amma ba ya nan.

Ledar kicin ɗin ta cinye a gaban firji, wuri biyu, daidai girman ƙafarsa. Sau biyu aka sake firji, ba a taɓa ledar ba.

Saboda haka in ana hirar tamanin da shida a shagon Cleon, tunanin Odell daban yake da na kowa. Sauran suna tuna wa ya jefa, wa ya cafke, kuma ba su taɓa yarda da juna ba. Shi kuwa sai ya ce, wasan Pinckard ai shi ne wanda Hoyt ya fasa kofin shayi, Mama Ozella ta bar ɓare gyaɗa, falo ya yi tsit har yana jin agogon bango, sannan Earline ta kira sunan Ubangiji sau biyu, na farko da roƙo, na biyu da mamaki. Akan yi dariya a ce, to ai kai ka fi mu jin daɗi, ba ka ga fuskar kocinsu ba.

Mis Ozella ce ta fara rasuwa. Hoyt ya bi ta bayan 'yan shekaru, zuciyarsa ta tsaya yana cikin ɗaure taya. Earline ta daɗe bayansu, ta raini 'yarsu ɗaya, Renita, ta ga ta zama ma'aikaciyar jinya a birni, sannan ciwo ya ɗauke ta a wata bazara. Gidan ya rage daga Odell sai kujeru.

Da kaka ta kama a shekarar, na ce a raina yanzu dai an sallami bawan Allah. Na tsallaka shinge ranar Asabar da rana don in gayyace shi gidana mu kalli wasa kamar mutane. Na zagaya ta ƙofar baya. Ta cikin ragar ƙofa na hango shi tsaye gaban firji, ƙafafunsa cikin sawunsu, gishiri a hannu. Ƙofar falo a rufe.

"Odell," na ce, "zo mu je gidana. Ba mai hana ka yanzu."

Bai juyo ba. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, kamar wanda ke cikin coci.

"Ba yanzu ba, Farfesa. Hoyt ya fusata, alƙalin wasa ya cuce mu."

Farfesa suke ce mini a garin, ba don girmamawa ba. Na koma gida na kunna nawa talabijin, na tarar ana ta maimaita hukuncin da alƙalin ya yanke, kuma lallai an cuce mu.

Da aka tashi ya fito baranda yana miƙa. Ya ce mun sha da ƙyar, wannan bugun na ƙarshe Mama Ozella ta kasa kallo. Na tambaye shi ko yana da rediyo a kicin. Ya ce a'a. Na tambaye shi ko ya ɗaga muryar talabijin. Ya dube ni kamar na ce ya tofa yawu a kabari.

"To ta yaya ka san mun ci?"

"Ai ba su iya yin shiru ba," ya ce. "Ba su taɓa iyawa ba."

Ni mutum ne mai karatu, kuma na samo bayani tun kafin in kai ƙofata: ihun maƙwabta yake ji. Bayanin yana da kyau. Matsalarsa ɗaya ce. Gidan Odell yana ƙarshen layi, maƙwabcinsa na dama ni ne, ni kuwa ba na ihu, na hagu kuma maƙabartar coci ce.

Haka aka ci gaba shekara da shekaru. Kowace Asabar ta kaka yakan dafa gyaɗa, ya jera kofuna uku, ya kunna talabijin ya kashe murya, ya ja ƙofa. Garin ya sani, kuma garin bai ga abin magana ba, tunda ana ɗan ci.

Bara ne idonsa ya fara tafiya. Ya fara da kasa ganin ƙananan kusoshin inji, sannan fuskar mutum in yana kallonta kai tsaye. Sai ya karkata kai kamar kaza kafin ya gane ka. Renita ta kai shi wajen likitan ido a birni, likita ya ce tsakiyar ganin ce ke mutuwa a duka biyun, kuma kafin bazara ba abin da zai rage sai haske da inuwa. A wannan kakar ce kuma, kamar da gangan, Alfadarai suka tashi suka yi ta cin kowa, abin da ba a gani ba tun tamanin da shida. Ya rage wasa ɗaya, da Pinckard, a filin Okatoma, da tsakar rana. Wanda ya ci ya ɗauki kofi.

Renita ta sayi tikiti biyu.

Odell ya same ni a bakin shinge ya gaya mini da kansa. Ya daɗe yana murza hularsa.

"Ba ƙorafi nake ba, Farfesa. An kyautata mini a garin nan. Sau ɗaya kawai nake so in ga sun ci. Da idona, tun yana nan."

Ban gaya wa kowa ba, amma kafin Laraba labari ya gama gari. Ba wanda ya yi masa faɗa. Mutanen Dabney ba su da wannan rashin tarbiyyar. Mata suka fara kai masa soyayyiyar kaza da burodin masara kamar an yi masa rasuwa. Fasto ya zaɓi yin wa'azin tsakiyar mako a kan mai gadin da bai bar bakin ƙofarsa ba, bai ambaci sunan kowa ba, bai kuma daina kallon benci na uku, inda Odell ke zama, ba.

Ranar Alhamis Odell ya je aski, Renita ta raka shi don ba ya tuƙi yanzu. Ina zaune ina jiran layi. Cleon ya ɗaura masa ƙyalle, ya shafa masa kumfa, ya wasa aska a hankali.

"Ɗan'uwa Odell, ba mai hana ka. Ƙasar 'yanci muke. Tambaya kawai muke yi, dole sai wannan Asabar ɗin? Ba za a bari baɗi ba?"

"Baɗi ba ni da ido, Cleon."

"To ka ji abin da nake faɗa. Abin ya zo a mugun lokaci."

Renita ta ajiye jakarta a kan benci da ƙarfi.

"Mista Cleon, ba ku jin kunya? Ƙattai da furfura. Tsoho ɗaya da kwalbar gishiri ne ke tare muku Pinckard?"

"'Yata, ba mu ce shi kaɗai ba. Yaran ma suna taimakawa."

"Tun ina cikin zanen goyo nake ganin bayan ubana ranar Asabar. Na fi sanin ƙeyarsa da fuskarsa."

"Ƙeya ce mai albarka," wani ya ce daga kan benci. "Ni da uwata za ta haifa mini irinta."

"Kai uwarka ta yi iya ƙoƙarinta, Lamar, rufe mana baki," in ji Cleon. Ya ɗaga haɓar Odell da yatsa, ya ɗora aska a maƙogwaronsa, ya tsaya yana tunani. "To ko a samu wanda zai riƙe masa wurin? Kada dai a bar kicin ɗin ba kowa." Idonsa ya bi benci ya tsaya a kaina. "Ga Farfesa. Tsayinsu ɗaya, kuma bai taɓa amfanar kowa ranar Asabar ba."

Na ce ni ban yarda da irin waɗannan abubuwa ba. Cleon ya ce ba a nemi in yarda ba, tsayuwa aka nema. Na dubi Odell, kumfa har kunne, ya karkato kai yana nemana da gefen ido. Na ce to.

Da safiyar Asabar ya nuna mini aikin. Ya sa farar rigar da ya saba sawa zuwa coci. Shi ya dafa gyaɗar, shi ya jera kofuna uku, ya kunna talabijin ya kashe murya, ya ja ƙofar falo har ta yi ƙas. Ya karɓi wayata ya ajiye a baranda. Ya sa na cire takalmi na daidaita ƙafafuna a cikin sawun, ya damƙa mini kwalbar gishiri.

"Kada ka buɗe ƙofar ko me ka ji. In sun yi magana kada ka amsa, ba da kai suke ba."

Renita ta danna hon, ya fita.

Rabin garin ya tafi Okatoma, sauran rabin ya shige ɗaki. Ko kare ba ya haushi. Rana ta shigo ta tagar kicin ta kwanta a kan ledar, firji yana gurnani yana tsayawa. A jikin ƙofarsa akwai hoton Renita tana yarinya da wata tsohuwar kalandar kantin taya, kuma na san su yanzu fiye da yadda na san fuskar wasu ɗalibaina. Ta ƙarƙashin ƙofar falo hasken talabijin yana motsi. Ban ji komai ba. Na tsaya har gwiwoyina suka fara magana, ban ji komai ba sai agogon bango, kuma na fara shirya yadda zan ba da labarin a shagon Cleon, da irin murmushin da zan yi.

Ranar ta bar ledar ta hau ƙafar tebur. Sai na ji kujera ta yi ƙara, irin ƙarar da take yi in mai jiki ya gyara zama. Tsohon gida ne, katako yana motsi da zafi. Sai na ji ɓawon gyaɗa ya faɗa cikin kwano. Sai wani.

Muryar tsohuwa ta ce, a hankali, daf da ƙofar, "Ya tashi?"

Namiji ya amsa, "Ya tashi, Mama. Ga shi can yana sauka."

"Yana da gishiri?"

"An ba shi."

Sannan wata murya ta uku, wadda na shekara ashirin ina jin tana kiran Odell cin abinci ta kan shinge, ta ce, "Kai, Hoyt, da kun bar shi ya gani."

"Bayan wasa, Earline. Zauna."

Abin da ya biyo baya ihu ne, na mutum uku, a ɗaki ɗaya da ke bayan ƙofa ɗaya da zan iya taɓawa in na miƙa hannu. Ban miƙa ba. Na kalli kalandar kantin taya da dukan zuciyata. Suka yi ihu, suka zagi alƙali, suka yi tsit, suka sake ihu. Kusan ƙarshe wani abu ya faɗi ya fashe, aka yi shirun da na ji agogo a cikinsa, sannan Earline ta kira sunan Ubangiji sau biyu. Daga nan motoci suka fara hon a can cikin gari, kuma falon ya koma ɗakin da ba kowa.

Ban shiga ba. Ban kuma duba gyaɗar ba kafin a rufe ƙofa, don haka ko na shiga ba ni da abin da zan kwatanta da shi. Na ajiye gishiri, na sa takalmina, na zauna a baranda.

Rana na shirin faɗuwa suka dawo. Odell ya gaishe ni ya yi godiya ya shige ciki, na ji yana share gilashi a falo. Renita ta zauna a kan matakala, idonta jawur, ta ba ni sauran.

Ta ce da suka fito daga ƙarƙashin rumfa fili ya buɗe a gabansu, ya tsaya cak ya karkata kai, ya ce, "Ashe haka korensa yake." Ya ga 'yan busa da ganguna, ya ga kwalkwali suna walƙiya, ya yi ta tambayarta wanne ne namu. Kuma ya ga Pinckard sun ci sau uku kafin hutun rabin lokaci, mu ko ɗaya.

Mutanen Dabney wuri ɗaya suke zama a filin. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa juyowa suna kallonsa, su yi murmushi, su juya. Fasto ya ɗaga masa hula. Cleon yana layin gabansu, shi bai ma juyo ba. Hannu kawai ya miƙo baya ya ajiye wani abu a kan benci kusa da gwiwar Odell: 'yar ƙaramar takardar gishiri, irin wadda mai soyayyen dankali ke bayarwa. Renita ta kai hannu za ta ture, uban ya riga ta ɗauka.

Aka dawo wasa, Pinckard suka sake tasowa. Ya miƙe ya ce zai zagaya. Da ya daɗe ta bi shi. Ta same shi a ƙarƙashin rumfa, inda ake sayar da abinci, tsaye gaban firjin lemo, hancinsa kusan yana taɓa gilashi, gishiri a hannu. A saman kansu filin ya fara girgiza.

"Na ja hannunsa, Mista Farfesa. Na ce Baba, don Allah, matakala kaɗan ce, zo ka gani, mun ci ɗaya. Ya ce in saurara, uwata ce. Na ce Baba, mutum dubbai ne ke ihu. Ya ce ya sani, amma ita ta fara."

Bai motsa ba har aka busa tashi. Mutanen Dabney suka sauko suka same shi a wurin, suka saɓa shi a kafaɗa da farar rigarsa, suna gaya masa irin abin da ya rasa gani.

Likitan bai yi kuskure ba. Kafin auduga ta sake tsirowa Odell ya rufe rumfar gyara. Renita ta so ta tafi da shi birni, ya ce wa zai dafa gyaɗa.

A shagon Cleon an daɗe ana muhawara a kan sabon matsayinsa, kuma a karon farko a tarihin shagon an cimma matsaya: tunda ba ya gani, ba laifi ya zauna a falo. Cleon da kansa ya kai masa albishir. Asabar ɗin farko ta bana ya gwada. Na tambaye shi yadda aka yi.

"Na zauna, Farfesa. Ba wanda ya ce komai. Kamar na shigo musu suna tsaka da maganata." Ya shafa gwiwarsa. "Kafin hutun rabin lokaci na koma kicin. Nan da nan suka sake."

Yanzu muhawarar shagon ta zama tsakanin tamanin da shida da bara. Kwanan nan Cleon ya ce a tambayi mai abin. Odell yana kan kujerar aski, fuskarsa tana kallon inda ba kowa.

"Ban sani ba, Cleon," ya ce. "Ni rabin wasa na taɓa gani, kuma ana cin mu."

Aka yi dariya sosai, aka ce Odell bai rabu da barkwanci ba.

Ni nake raka shi gida daga shagon, hannunsa a gwiwar hannuna. A ranar, da muka kai baranda, ya ce in leƙa falo in gaya masa ko kujerun suna daidai. Na leƙa daga bakin ƙofa. Uku suna inda suke kullum. Akwai ta huɗu, an jawo ta daga jikin bango an sa ta kusa da ta Earline, tana fuskantar talabijin. Na ce masa ya bar wadda ya zauna a kai ran nan. Ya ce a'a, waccan ya mayar da ita da hannunsa.

"Earline ce ta ce a ajiye mini," ya ce. "Hoyt bai ƙi ba. Ya ce dai in na zo, ba za a bar kicin ba kowa ba."

Ya juyo da fuskarsa daidai inda nake, bai ma karkata kai ba.

"Ya yaba da kai, Farfesa. Ya ce ko motsi ba ka yi ba, kuma ƙafarka ta zauna a sawun kamar an auna."